Sakamakon Hope da Lamba Arba'in da Biyu

A wata makarantar sakandare da ke Nukkai, cikin Jalingo, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Hannunta yana da sauri a kan kwamfuta. Ita ce gwanar kulob ɗin kwamfuta, kuma ta san haka.

Wata rana malamin kulob ɗin, Malam Suhail, ya ba ta babban aiki. Ya ce ta gina shafin intanet da kowane ɗalibi zai duba sakamakon jarrabawarsa ta waya. Za a ajiye sakamakon kowa a rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da ke cikin kwamfuta. Kowane ɗalibi da lambarsa.

Malam ya rubuta mata sharuɗɗan tsaro uku a takarda. Ta karɓa, ta ninke, ta cusa a jaka. Ko buɗewa ba ta yi ba.

Mako biyu ta yi tana zaɓen launi. Ta sa tambarin makaranta yana juyawa kamar fanka. Da Malam ya tambaye ta ko ta cika sharuɗɗan, sai ta ce an gama. Shi ma bai duba ba. Aka buɗe shafin, aka yi mata tafi.

A ajinsu akwai wani yaro mai shisshigi, sunansa Abbo. Yana duba sakamakonsa sai ya lura adireshin shafin ya ƙare da lambarsa, arba'in da ɗaya. Ya goge, ya rubuta arba'in da biyu. Shafin bai tambaye shi komai ba. Nan take ya buɗe masa sakamakon Hope, ƙawar yarinyar.

Hope ta ci maki ashirin da uku a lissafi. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a makon jarrabawa. Abbo bai damu da wannan ba. Ya ɗauki hoton ya tura a wasap ɗin aji.

Washegari duk inda Hope ta gifta sai a ce, “Ga Ashirin da Uku nan.” Kafin tara ta ɗauki jakarta ta tafi gida. Ba ta dawo ba.

Ranar Litinin keke napep ya tsaya a ƙofar makaranta. Wani dattijo ya sauko da lema a hannu, da jan biro a aljihu. Baba Zacchaeus ne daga Sintali, kakan Hope. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya.

Aka kira yarinyar ofishin shugabar makaranta, Malama Aisatu. Baba ya ƙi zama. Ya ce a zamaninsa takardar sakamako cikin ambulan ake sa ta, a manne, a miƙa wa iyaye hannu da hannu. Ya ce sakamakon yaro amana ne, ba tallan gyaɗa ba. Ya dubi Malam Suhail ya ce malamin da bai duba aikin ɗaliba ba shi ma ya faɗi jarrabawa. Malam ya sunkuyar da kai.

Yarinyar ta ce a hankali, “Baba, ai Abbo ne ya canza lambar.”

Baba ya ce, “'Yata, akuyar da ta ci dawa za ta sha sanda. Amma wa ya gina rumbu ya bar shi babu murfi?”



Baba ya faɗi buƙatunsa. A rufe shafin yau. Abbo ya goge hoton, ya ba da haƙuri a gaban aji. Ranar Juma'a kuma shi da kansa zai zo ya gwada shafin. In bai gamsu ba, zai cire jikarsa ya kai ta wata makaranta.

Yarinyar ta koma gida tana hawaye. Tun aji ɗaya benci ɗaya suke zama da Hope. Ta gaya wa mahaifiyarta komai.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Hawaye ba ya rufe rumbu. Ina takardar da malaminku ya ba ki?”

Ta zazzage jakar. Takardar tana can ƙasa, man ƙuli-ƙuli ya ɓata gefenta. A ranar ta fara karanta ta.

Na farko: duk lokacin da aka nemi sakamako, shafin ya tabbatar mai neman shi ne mai shi. Na biyu: kada a ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. A rikita ta yadda ko mai ginin ba zai iya karantawa ba. Na uku: abin da mutum ya rubuta a akwatin shafi rubutu ne kawai. Kada rumbu ya ɗauke shi a matsayin umarni.

Ko ɗaya ba ta cika ba. Ta ce, “Mama, sai na gyara shi.”

Kullum bayan an tashi sai ta zauna a ɗakin kwamfuta tare da Malam Suhail. Ta cire tambarin nan mai juyawa, don ba shi ne a gabanta ba. Ranar Laraba aka ɗauke wuta. Ba ta tafi ba. Ta ci gaba da rubuta aikin a littafi har wuta ta dawo. Duk abin da ta gyara sai Malam ya yi ƙoƙarin fasa shi. Sau huɗu yana fasawa, sau huɗu tana sakewa.

Ta je gidan su Hope sau biyu. Da farko Hope ta ƙi fitowa. A karo na biyu ta tsaya a bayan labule. Yarinyar ta ce mata, “Laifina ne.” Ba ta kawo uzuri ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a Baba Zacchaeus ya iso tun kafin a buga ƙararrawa. Ya sa aka kira Abbo ya zauna gaban kwamfuta.

“Kai, gwanin leƙe, sake yin abin da ka yi.”

Abbo ya shiga da sunansa, ya canza lambar. Shafin ya rubuta: “Wannan ba sakamakonka ba ne.” Ya gwada lamba goma daban-daban. Amsar ba ta canza ba. Malam ya rubuta umarnin ɓarna a cikin akwati, shafin ya ƙi karɓa.

Baba ya ce a buɗe masa suna a shafin. Ya kare hannunsa da lemarsa, ya rubuta kalmar sirri da yatsa ɗaya. Sannan ya ce yarinyar ta shiga rumbun ta karanto masa ita.

Ta buɗe. Babu komai sai haruffa da lambobi a cakuɗe.

“Ba zan iya ba, Baba.”

“Yawwa. Abin da na zo ji ke nan.”

Ya zaro jan bironsa. Ya karɓi takardar nan mai tabon mai, ya yi maki a kan kowane sharaɗi. A ƙasa ya rubuta tara bisa goma. Ya ce bai taɓa ba kowa goma ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba.

Sai ya juya wajen ƙofa ya ce, “Amaryata, shigo. An sa wa rumbun murfi.”

Hope ta shigo sanye da kayan makaranta. Ta zauna kusa da ƙawarta ta ce, “Matsa mini. Kuma ki sani, ke za ki koya mini lissafi.”

Daga ranar yarinyar ba ta ƙara fara aiki da ado ba. Ta gane cewa bayanan mutane amana ne. Duk wanda zai gina shafi, ya fara da tsaro, ya bari a gwada aikinsa, sannan ya zaɓi launi.