Ba a Ƙetare Rafi da Wilf Ba

Da almuru na fito zan kai wa Enid burodi. Ƙawata ce tun muna makarantar ƙauye, wadda yanzu baƙi daga birni ke kwana a cikinta lokacin hutu. Kantinmu ya rufe, mashaya ta bi sahu, bas kuwa sai Talata, in ya ga dama. A ƙauyenmu Skelgarth, in kin gasa burodi sai ki tuna da maƙwabciya.

Ba a daɗe da binne mijinta Wilf ba, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mu ba mu taɓa yin maƙabarta ba. Tun kaka da kakanni a kafaɗa ake ɗaukar mamacinmu, a bi tsohuwar hanya ta kan tudu, a shiga rafi da ƙafa, a ƙetare zuwa cocin da ke kwari, a binne shi a can. Mamaci ba ya ƙetaro ruwa ya dawo, wannan ko yaro ya sani. Amma ɗansu Clive ya zo daga birnin Leeds da takalminsa mai sheƙi.

"Haba Gwaggo Mavis, wa zai sha wannan wahala a zamanin nan? Ga mota, ga kwalta."

"Kwalta ba ta bi ta rafi, ɗan nan."

"To, Baba ya huta da jiƙewa," in ji shi, har da dariya.

Na so in kwaɗa masa mari, amma gidan makoki ne. Mota ta ɗauki Wilf.

A hanyata ta zuwa gidan Enid, ina bin gefen katangar duwatsu, sai na lura tumaki sun yi tsit. Iska ta tsaya. Wani wari ya buge ni, na tabar lofe da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai na ji tafiya a bayana, can nesa. Ƙwas, shuu. Ƙwas, shuu.

Dutse ya taɓa karya wa Wilf ƙafa a wurin fasa duwatsu, tun daga nan yake jan ta. Mutum ɗaya ne a duniya mai wannan tafiya.

Ban waiwaya ba. Na ɗaga ƙafa.

Ƙofar Enid a buɗe take. Tana zaune gaban murhu, ta gyara gashinta, ga kofi biyu a kan tebur suna tururi.

"Enid, tashi mu tafi gidana," na raɗa mata. "Yanzu."

"Yi a hankali, ya kusa."

"Wilf ya mutu! Da hannunki kika rufe masa ido."

"Ke da ba ki taɓa aure ba, me kika sani? Mutum ya sha hanya ya dawo gidansa, a hana shi shayi?"

Na kama hannunta na ja. Ita ce kaɗai ta rage mini, kuma na ji tsoron rasa ta fiye da tsoron abin da ke tafe.

Ƙwas, shuu. A bakin ƙofa.

Wutar murhu ta lafa. Da gefen ido na ga kwat ɗin da aka binne shi da ita, taɓo har gwiwar wando.

Kujera ta yi ƙara.

Wani hannu ya riƙe ɗaya hannun Enid. Sanyinsa ya ratsa jikinta har ya iso tafina.

"Mavis," in ji muryar, kamar bakin cike da ƙasa. "Je ki gida."

Enid da kanta ta zare yatsunta daga nawa.

Na fita a guje. Na faɗi, na tashi, gwiwata na jini, ban tsaya ba sai da na danna sakatar ƙofata.

Da safe aka sami Enid a kujera ba rai, jiki ya yi sanyi. Na bi gida-gida ina roƙon maza su ɗauke ta a kafaɗa. Uku na samu, ƙaraminsu da sanda yake tafiya. Na yi wa Clive kuka a waya, ya ce in sha magani in kwanta, ya riga ya kira mai mota.

Yanzu in almuru ta yi, tafiyar mutum biyu nake ji a kan kwalta. Ba ni da inda zan je, ba ni da wanda zan gaya wa. Jiya sun tsaya a ƙofata. Enid kuwa, tun muna yara, ba ta taɓa ƙwanƙwasawa kafin ta shigo ba.