Kwalin Allura a Kular Umma

Me-ya-sa ta buɗe firji, ta ture gorar ruwa, ta leƙa har bayan kwanon ƙwai, amma kwalin allurarta ya yi ɓatan dabo! Tun tana ƙarama aka laƙaba mata sunan nan, don ba a rufe baki a gabanta ba ta jefo tambaya ba. Yau kuwa gabanta ne ya faɗi.

Yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar babansu, yana asibiti da sankarar jini, kuma a cikinsu su biyar ita kaɗai ta dace ta ba shi irin jini, wato ƙwayoyin da sabon jini ke tsirowa daga gare su. Ranar da aka gaya mata, ta tsare likita da tambaya har shayinsa ya huce. Ya ce irin yana zaune ne cikin ɓargo, allurar kwana biyar ce za ta koro shi cikin jini, sannan inji ya tsince shi. Sharaɗin dai kada ta ɗauki ciki sai an gama. Yau kwana na uku, an kuma riga an fara ba Yaya maganin da ke share nasa ɓargon. Idan ta fasa, ba shi da abin komawa.

Mijinta Injiniya, mai gyaran lantarki, shi ya ce a rufe zancen. "Kin san Umma. Shekara biyu tana ƙirga mana watanni, ta ji an ce a dakata? Ai sai ta ɗaga gidan nan!" Sai ga Umman, mahaifiyarsa, ta zo musu kwana bakwai.

A falo ta same su. Umma ta hakimce, ƙaramar kula a kan cinyarta, Injiniya kuwa na durƙushe kamar wanda ya fasa tulu.

"Abin da kike nema yana wurina," in ji Umma. "Jiya da idona na gan ki kin kama fatar cikinki kin soka. Ashe ni ina ta addu'a, ke kina toshe hanya! Ko ta zubar da allurar nan, ko ta tattara nata ya nata. Zaɓi, ɗan nan!"

"Umma, ba fa haka ba ne, abin nan… wato…"

"Wato me? Harshenka ya ɗauke wuta ne?"

Me-ya-sa ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi zargin yi mata ciwo. Hawaye suka zubo, ga ƙugu na sara, ga lokacin allura na wucewa. Ta durƙusa za ta yi magana, sai idonta ya sauka kan kular, kuma mai hali ba ya fasa halinsa.

"Umma… me ya sa kika sa ta a kula?"

"Ji 'yar nema! Shekara goma ina allurar ciwon suga, ban san ta firji ba ta son zafi ba? Har ƙanƙara na naɗe a tsumma na sa mata. Kemis zan kai a karanta min, don ban taɓa jin ta hana haihuwa da ake yi kullum ba."

"Wallahi ba ita ba ce, Umma. Ran Yaya ne a cinyarki."

Ta kwashe labari ta faɗa, har da sharaɗin, ba ta rage komai ba. Umma ta ɗan sassauta riƙon kular.

"Tsaya. Ƙashin naki za su fasa?"

"A'a, irin ne zai fito da kansa."

"To ciwon ƙugun da kike ta dafewa fa?"

"Dokta ya ce ɓargon ne ya cika yana tumbatsa, kamar tukunya a wuta."

"Ikon Allah! In suka kwashe, ke da me za ki zauna?"

"Sabo zai tsiro, cikin 'yan makonni."

Sai a nan Injiniya ya samo harshensa. "Umma, laifina ne. Ita ta so ta gaya miki, ni na hana. Ki yafe min, amma ba zan rabu da matata ba, allurar nan kuma ba za a fasa ba."

"Sai yanzu wutar ta dawo?" Umma ta zabga masa harara. "Ni ka mayar dodo? Da na wurga kwalin nan a shara, da wane ido zan kalli 'ya'yan bawan Allahn nan da ke asibiti?" Ta buɗe kula, ta ɗaga sirinji ta ƙyasta masa yatsa. "Matso, 'yata. Jiya na ga hannunki na rawa."

Ranar tsince iri, Umma ta riga kowa shiri. Aka kwantar da Me-ya-sa, tiyo a hannun dama, tiyo a na hagu, inji na juyi a gefe. Awa huɗu ba damar lanƙwasa hannu, Umma ce mai ba ta ruwa, mai sosa mata hanci. A tsakani Umma ta tasa nas a gaba: ina jinin yake zuwa, ya aka yi ya san hanyar dawowa, wannan 'yar jakar da irin ke taruwa ce za ta tashi ƙaton mutum? Nas ta yi dariya ta ce, "Ke kika haife ta, ko? Ga kama nan a baki!"

"Ni na haife ta," in ji Umma, ba ta ko ƙifta ido ba. Me-ya-sa ta fashe da kuka, ba hannun share hawaye, sai Umma ta share mata da gefen mayafinta.

Bayan sati biyar Yaya ya fito, a rame amma da ƙafarsa, ya zo har gida ya durƙusa gaban Umma yana godiya. Ta ce ya tashi, ita ba ta yi komai ba sai allura uku.

Jikan da take ƙirga wa watanni ya iso bayan shekara da rabi, ranar kuwa ba wanda ya ɓoye mata komai. Ku ji, masu ɗaki da masu shirin shiga: abin da aka ɓoye wa uwa don gudun faɗanta, zargi ne zai ba ta labarinsa. Wanda kuma ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci, da wuya ya zubar da ran wani a shara.