Ja a Damtsen Hamdiya

Ranar da Rufaida ta fara ganin Garzali, yana durƙushe a inuwar itacen bedi a Sae Sabuwa, ya zagaya zaren awo a damtsen wani yaro. Ƙungiyar ƴan sa-kai ce ta haɗa su, masu bin gida-gida neman yaran da tamowa ta kama. Zaren launi uku gare shi: tsanwa lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja kuwa sai asibiti.

"Riƙe mani hannunshi, malama," ya ce.

Da ya ɗago suka haɗa ido, sai da ya manta launin da ya gani ya sake awon. Ita ma, duk tsiwarta, sai ta sunkuyar da kai. Kafin gero ya kai gwiwa ya koma kiranta Tsanwata, ita kuma ta kira shi Malam Zare.

Amma damina ta ja, rumbuna suka yi ƙasa, zaren ya yi ta nuna ja. Wasu yaran da aka kai asibiti a makare, gawarsu aka dawo da ita. Sai Mas'ud, wani ɗan kasuwa da Rufaida ta ƙi aurensa, ya fara raɗa a majalisa cewa duk ɗan da Garzali ya zagaya wa zare ba ya dawowa. Mata suka riƙa tura yara ƙuryar ɗaki in sun ji ƙarar motonsa mai ƙafa biyu.

Malam Magaji, mahaifin Rufaida, ya yanke magana: "Mai baƙin hannun ga ba shi taka man gida, balle in ba shi ɗiyata."

A gidan nan kuwa Hamdiya, ɗiyar yayan Rufaida, ta fara ramewa. Gashinta ya yi ja, sannan ta daina ko kuka. Shirun nan ya fi komai tsorata Rufaida.

Ta rubuta wa Garzali a waya: "Malam Zare, Hamdiya ba ta kuka. Tsoro nike ji."

Ya amsa: "Tsanwata, ke ma kina da zare. Ina bakin ƙofa da moto, ba ni shigowa."

Ta ɗauko yarinyar, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta zagaya zaren. Ja wur.

"Baba, hannuna na, ba nashi ba. In zare ka kisa, ni nik kashe ta. A yi mani izini a kai ta."

Tsohon ya daɗe yana duban jikarsa, sannan ya fita zaure.

"Ɗauke ta da uwatta," ya ce wa Garzali. "In ba ta dawo ba, kai ma kada ka dawo."

Kwanaki suka shuɗe, wayar Garzali a kashe. Mas'ud ya ce ai gudu ya yi. Rufaida ba ta yarda ba, amma duk sallamar da aka yi gabanta sai ya faɗi, ta ce ta'aziyya ce.

Wata safiya tana surfe saƙo ya shigo: "Tsanwata, ki yafe mani, wayar ta faɗa ruwa wajen ƙetare kwari. Hamdiya ta yi kuka yau, har ta cije ni."

Ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa tana kuka da dariya.

Bayan girbi, Hamdiya ta dawo gida, aka taru ɗaurin auren Rufaida da Garzali. Kafin liman ya buɗe baki, Malam Magaji ya fito da Hamdiya a kafaɗa, ya miƙa wa ango damtsenta.

"Auna ta nan, kowa shi gani."

Garzali ya ja zaren a hankali. Tsanwa.

Rufaida na ɗaki cikin lulluɓi ta ji guɗa ta tashi. Aka shafa fatiha, aka yi ta Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Da ta leƙa, sai ta ga ango bai samu tashi ba: matan gari sun jeru bayan zaure, kowacce riƙe da ɗan da ta ɓoye.