Buhun Ɗanyen Kashin Kaji

Sai da mutanen gidan haya suka yi mako suna cacar baki kafin su kai ƙara caji ofis. An sace kajin ƙwai daga akurkin da suka haɗu suka gina, kuma ba a fasa kwaɗo ba.

Da Sufeto ya isa gidan, ya tarar an tsare wata tsohuwa da ake kira Gwaggo. Ita ke share akurkin, ladanta kashin kajin da take mayarwa taki, ta noma alayyafon da take ci da shi. Yau ana so a karɓe makullin daga hannunta.

"Ranka ya daɗe, makulli ɗaya ne, yana wuyanta," in ji Tela, wanda muryarsa ta fi ta kowa. "Ni ko ƙofar akurkin ban taɓa zuwa ba. Wari!"

Sufeto ya leƙa. Babu wani wari. An kankare ƙasa tas, an barbaɗa garin katako, kwanon ruwa sai ƙyalli. Ya sha shiga ofisoshin da ba su kai nan tsabta ba, har da nasa. A bayan akurkin kuwa ya ga katako ɗaya da sababbin ƙusoshi.

Gwaggo ta kai shi wurin taki. Tuli biyu ne: ɗaya ɗanye, yana turiri, ɗaya baƙi wuluk mai ƙanshin ƙasa.

"Kashi, busasshen ganye, kashi, ganye," ta ce. "In yayyafa ruwa, in juya, sai ya huce. Baƙin kaɗai nake ba maƙwabta."

Sufeto ya damƙi baƙin, ya murza, ya girgiza kai. Aikin ya burge shi ƙwarai.

"Bayan kaji ba abin da ya ɓace, Gwaggo?"

"Babu, ɗana."

"To wannan ƙugiyar fa, me ake ratayewa?"

Ta sunkuyar da kai. "Buhun sharar ranar ne, cike da ɗanyen kashi. Tsoro na ji, kada a ce da shi na kwashe su."

Sufeto ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Kowace da tukwanen shuka, kore shar. A ƙofar Tela ya tsaya: tumatirinsa sun ƙone, ganye ya yi rawaya ya nannaɗe.

"Rana ce, ranka ya daɗe."

"Ranar ta tsallake na maƙwabcinka kenan?" Sufeto ya tona tukunya da biro. Wari ya buge su, ga kashi fari-fari da ƙananan gashin kaza. "Ɗanyen kashi yana ƙone shuka. Gwaggo ba ta ba da shi. Ina ka samo?"

Gumi ya keto wa Tela.

"Ka ɓalle katako, ka rasa abin zuba kaji, ka ɗauki buhun. Shi ma abin cikin ba ka iya barinsa ba, ka zo ka juye wa tumatirinka."

"Na ga asara ce a zubar," Tela ya ce a hankali. "Ni ne. Na kai su kasuwa."

Kurtun da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, suka nufi mota.

Maƙwabta suka kewaye Gwaggo, kowa na "ki yafe mana". Ta share hawaye da gefen mayafi, ta miƙa wa na kusa da ita shebur.

"Na yafe. Tun da aka fara rigimar nan ba a juya tulin can ba. Bismillah."