Injin da ya kamu da tari

A wani gari can da, an yi wani mai injin niƙa da bai taɓa wanke soson da ke tace wa injinsa iska ba. Wata rana inji ya kama tari.

Ya ɗura masa zuma, inji ya yi tari. Ya lulluɓe shi da bargo, inji ya yi tari. Mata na tsaye da geronsu.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, toshe hancinka da bakinka ka yi gudu mu gani."

Ya gwada, bai je ko'ina ba ya zube. Ya tashi a kunyace, ya ciro soson baƙi ƙirin, ya wanke, ya shanya, ya mayar. Inji ya tashi.

Ranar sai la'asar mutanen garin suka karya kumallo.