Ranar da Kunkuru Ya Tsaya a Hamada

Da yatsa naɗe cikin hankici ya shigo kantin maganin, jini na ɗiga, amma budurwar da ke bayan kanta ko ɗago kai ba ta yi ba. Idonta na kan wayar da ta jingina da kwalin bandeji.

"Salamu alaikum. Baiwar Allah, mutum fa na zubar da jini a nan."

"Wa alaikumus salam. Ba mutuwa za ka yi ba, ɗan jira ni."

Sai da abin da take kallo ya yi mata daidai sannan ta jawo auduga. Auta ke nan, ƙaramar 'ya a gidansu, wadda duk unguwa ta sani da kyau da kuma rashin yarda. Shi kuwa Mai Aski ne, shagonsa na ƙarshen layin, kuma reza ce ta yi masa wannan aika-aika. Tana ɗaure masa yatsan ya leƙa wayar. Bai ga komai ba sai taswira mai launin ƙasa da wasu ɗigo-ɗigo suna rarrafe.

"Tururuwa kike kiwo?"

Ta harare shi. "Tseren hamada ne. Motoci da babura, mako biyu suna keta rairayi, ba kwalta, ba hanya. Kowace rana zango guda. Kowane ɗigo mutum ne."

"To wanne ne naki?"

Ta nuna wani can baya, shi kaɗai. Wani dattijo ne mai babur, ba shi da makanikai, shi ke tuƙi da rana ya yi gyara da yamma, kuma kullum shi ne na ƙarshe. Ita ta raɗa masa Kunkuru.

Mai Aski ya kalli ɗigon, ya kalli mai nuna ɗigon. A nan zuciyarsa ta tafi, bai ma ji zafin maganin ba.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo canjin filasta, sai ga shi da ilimi kamar wanda aka haifa a kan tudun rairayi. "Ai jiya da na gaba ya rage iskar taya, da bai maƙale ba," in ji shi. "Kuma mai karanta masa taswira ne ya ɓatar da shi."

Auta ta tsaya da almakashi a hannu. Mutumin da ya kira tsere tururuwa, yau shi ke zancen iskar taya?

Tana da dalilin zargi. A baya an yi wani Injiniya, ɗan abokin Abba, wanda ya riƙa zama yana kallo tare da ita har da tafi. Manya na shiga maganar aurensu, ya gyara zama ya ce, "Wannan shirmen na maza dai a gidan Abba za ki bar shi." Ranar ta sallame shi. Ba tseren kaɗai ya yi mata ciwo ba, sai yadda mutum zai yi wata da watanni yana yi mata wasan kwaikwayo. Ta yi alkawari ba za ta taɓa auren fuskar aro ba, ko da kuwa za ta tsufa a bayan kanta.

Amma zuciya ba ta jin magana. Tseren shekarar ya ƙare, Mai Aski bai ƙare ba. Yau ciwon kai, gobe maganin tari na maƙwabci, har mai kantin ta ce ko dai a ba shi kujera. Saƙonni suka fara shigowa.

"Jagorata, na ɓata a hamadar tunaninki. Ki karanto mini hanya."

"Ka miƙe, ka yi kwana, ka koma shagonka. Mutane na jiran aski."

"Mugunta ba kyau, Jagorata."

"Daɗin baki ma haka."

Tana rubutawa tana murmushi, kuma ta san ta kamu. Son shi take yi, so mai tsanani, sai dai duk lokacin da ya buɗe baki a kan tsere sai ta ji kamar hadda yake kawowa. Ba ya taɓa kuskure, kuma ba ya taɓa cewa bai sani ba. Wannan ya fi komai tsaya mata a rai.

A gida ma ba sauƙi. Abba ya ce shi bai yarda da mutumin da bakinsa ba ya hutawa ba. "Masu aski duk haka suke, su yabi kanka su yabi na wanda zai zauna bayanka. Ga Injiniya nan har gobe yana gaishe ni." Yaya, wanta, shi kaɗai ke cewa yaron kirki ne, kuma yawan yabon nan na Yaya ma Auta ta sa masa ido, don a shagon yake aski, kuma shi ne ya koya mata kallon tseren tun tana ƙarama.

Da shekara ta zagayo aka sake sakin motoci, Auta ta lura da wani abu. Sharhin Mai Aski ba ya zuwa sai Yaya ya gama shan shayin safe yana danne-danne a waya. Ta zuba ido, tana jira.

A tsakiyar tseren akwai ranar hutu, ranar da ba injin da ke tashi, kowa na sansani yana gyara da wanki. Duk mai bin tsere ya san da ita kamar yadda ya san sunansa. Aka yi dace ranar Yaya ya yi tafiyar aiki inda waya ba ta shiga. Da hantsi ta tura wa Mai Aski saƙo.

"Ka ga abin da ya faru a zangon yau?"

Ta yi ta addu'a ya ce wane zango. Amsa ta daɗe kafin ta zo.

"Na gani mana, Jagorata! Kai, yau an sha gumurzu. Har tsayawa na yi da aski."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta shiga ɗakin ajiyar magani ta yi kukanta a tsakanin kwalaye. Da yamma ya zo da fara'arsa.

"Yau hutu ne," ta ce. "Ba wanda ya motsa ko taku ɗaya."

Fara'ar ta zube.

"Yaya ne ke ba ka?"

"Shi ne. Auta, ki saurare ni. Na ga ba za ki kula mutumin da bai san komai ba, shi ya sa..."

"Da ka ce ba ka sani ba, da ni zan koya maka, da daɗi ma. Amma shekara guda kana kallon idona kana karanto mini abin wani? To a cikin sauran maganganun wanne ne naka?"

"Son da nake miki nawa ne."

"Haka wancan ma ya ce. Sai anjima, zan rufe kanti."

Ta toshe lambarsa. Yaya ya dawo ya sha nasa rabon, har ya yi rantsuwa ba zai ƙara tura wa kowa ko harafi ba. Injiniya kuwa, ko wa ya kai masa labari oho, sai ga shi da kwalin turare, Abba na ta washe baki.

Mako na biyu ya zo mata da nauyi. Abinci ba ya shiga, tseren ma ya rage daɗi. Sai kuma wata safiya ɗigon Kunkuru ya tsaya cak a tsakiyar tuddan rairayi. Masu bin tsere sun san tsayuwar ɗigo: ko inji ya mutu, ko mai shi ya faɗi. Na gaba duk sun isa sansani, shi yana nan. Ta ba wata mata maganin mura a madadin na gyambon ciki, Allah ya sa mai kantin ta gani. Azahar ta wuce, la'asar ta gabato, ba motsi. Can bayan la'asar, tana share hawaye da gefen mayafi, ɗigon ya ɗan gusa. Ya sake gusawa. Ta dafe ƙirji ta ce alhamdulillahi, sai ta ji wani baƙin ciki ya biyo baya, don ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ta koma gida ta tarar da Abba a falo da hula an danna ta har gira, yana huci.

"Lafiya, Abba?"

"Ina fa lafiya! Wannan mahaukacin naki!"

Ashe ganin ta rame ne ya sa ya je shagon da sunan aski, don ya binciki abin da yaron ya yi wa 'yarsa. Umma ta ce ya cire hular a gani. Ya ƙi, ta matsa, ya cire. Daga ƙeya har tsakiyar kai an share hanya fes, ga gashi a dama, ga gashi a hagu. Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Ina zaune ina masa tambaya, hankalinsa rabi a kaina rabi a wata waya da ya jingina da madubi. Ido ja wur kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kawai sai ya daka tsalle, wai 'Ya tashi! Kunkuru ya tashi!' Injin askin na kaina!"

Auta ta matso kusa da shi. "Abba, da wane lokaci?"

"Bayan la'asar. Ke lokacin ne ya dame ki, ba kaina ba?"

Halin nata bai bar ta ba. Ta juya kan Yaya da ke bakin ƙofa. "Kai ka kitsa wannan?"

"Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Wane mai neman aure ne zai share wa uban yarinya titi a ka don ya burge ta? Ni rabona da shi tun ranar da kika wanke ni."

Ta juya maganar ta kowace fuska, ta rasa inda ƙarya za ta shiga. Bai san Abba zai zo ba. Ya san ta toshe shi. Ba wanda yake yi wa wasan, kuma abin da ya yi asara ce tsagwaronta.

Washegari ta tsaya a ƙofar shagon. Yana zaune a kujerar aski shi kaɗai, ya yi tagumi. Yana ganinta ya miƙe har yana ture kwalbar man gashi.

"Me ya tsayar da shi jiya?" ta tambaya, ko gaisuwa babu.

"Ban sani ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban sani ba. Na ga dai ya tsaya, na kasa cin abinci. Ranar da kika kore ni na ce bari in ga abin da ya fi ni daraja a wurinki. Na nemi ɗigonsa da kaina. Yanzu ban san yadda ake dainawa ba. Tsohon nan shi kaɗai, Auta, ba mai miƙo masa ko sifana."

Ba ta taɓa jin kalma mai daɗin wannan "ban sani ba" a bakinsa ba.

"Sarƙar babur ɗin ce ta tsinke," ta ce. "Matso da wayar in nuna maka inda ake dubawa."

"Jagorata, kin yafe?"

"Ni mai sauƙi ce. Je ka ji da Abba."

Abba ya yi rantsuwa yaron ba zai taka masa gida ba. Sai da ya kwana biyu, an aske sauran gashin a wani shago, sannan Umma ta same shi da shayi ta ce, "Kai da ka ce ba ka son mai daɗin baki. Wannan ai ka ga cikinsa, ko ɓoyewa bai iya ba." Abba ya yi tsaki. Can ya ce, shi abin da ya tsaya masa, yaron kafin ma ya lura da ɓarnar da ya yi, cewa ya yi, "Baba, don Allah a gaya mata ya tashi, na san tana can tana kuka." Umma ta ce to me ya hana ka faɗa tun ranar? Ya ce haushi.

Kunkuru ya ƙarasa tseren, na ƙarshe kamar kullum. An mayar wa Injiniya turarensa. Da manyan Mai Aski suka zo tsayar da rana, kawunsa ya ce ɗansu ya ba su saƙo guda: kada a sa bikin a watan tsere, kuma a shaida, duk shekara mako biyun nan na amarya ne, shi zai riƙa shiga kicin.

Ranar ɗaurin aure Abba ya sa musu albarka. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya raba ku da ƙarya komai ƙanƙantarta. 'Yata na ba ka. Kaina kuwa, har abada." Aka ce amin cikin dariya.

Da jama'a suka watse da yamma, Auta ta ɗaga mayafi ta kafe angon da ido.

"Maganar mako biyun nan, wa ya ba ka ita?"

"Ba kowa."

Ta daɗe tana bincikar fuskarsa, kamar yadda ta saba. Ba ta sami komai ba sai mutumin da ke sonta.

"Na yarda," ta ce.