Goyon Ƙirji

Wannan labari na tsince shi ne a wani gari da na taɓa zama ina koyarwa, lokacin ƙafata na da ƙarfin yawo. Ku yi mini afuwa, tsufa ya ɓalle wani ɓangare nasa. Sunan garin ya tafi, sunayen mutanen sun bi shi, har na rasa ko da damina aka yi abin ko da rani. Abin da ya rage mini shi ne yadda ake kiransu a gida da maganganun da suka yi. Waɗannan kam suna nan daram.

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci. Auta na tsugune a falo yana gyaran ƙafar kujerar Mama, don shi kafinta ne, ba ya iya ganin kujera na rawa ya ƙyale ta. Mama na gefe tana warware ɗankwali. Sai ga Gwaggo, ƙanwar marigayi babansa, ta faɗo ko sallama ba ta ƙarasa ba, riƙe da mujallar mishan a nannaɗe.

"Matar Yaya, ajiye ɗankwalin nan ki zo ki ga surukarki."

Surukar da ake nufi ita ce yarinyar da Auta zai aura, malamar yara a coci, wadda babba da yaro ke kira Anti. An riga an sa ranar aurensu. Amma tun kafin ta san Auta ta yi wa Ubangiji alkawarin ba da shekara guda ta aikin sa kai, don haka ta bi wata ƙungiyar mishan zuwa wata ƙasa, inda suke da gidan kula da mata da jarirai. Mama ba ta so tafiyar ba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin amaryar da ke tsallake teku ana shirin bikinta ba. Auta ne ya lallaɓa ta har ta sa albarka.

Gwaggo ta baje mujallar a kan tebur. Ga Anti zaune a kujera, ta rame, tana murmushi. An ɗaure mata jariri a ƙirji, a cikin riga, ba a ganin komai nasa sai 'yar hular ulu.

"Kai, ta yi kyau," in ji Auta. "Ai ta ce mini tana kula da jarirai."

"Kula daban, wannan daban," in ji Gwaggo. "Ni na haifa, na kuma yi rainon na wasu. Ɗan wani a baya ake goya shi, a kan riga. Wanda ake cusawa cikin riga, fata da fata, wannan na cikinka ne. Dubi idonta, Matar Yaya. Idon mai jego ne ko ba shi ba ne?"

"Haba Gwaggo."

"Kai rufe mini baki, me ka sani ban da katako?" Ta shiga lissafin watanni da yatsu, ta kai ƙarshe ta tafa hannu. "Shi ya sa aka yi ta ɗokin tafiya aikin Allah. Ashe sauke kaya aka je yi inda ba idon sani."

Mama ta ɗauki mujallar ta kai ta kusa da fuska, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kira mini ita."

Auta ya kira ta a waya. Da Anti ta ji abin da ake zargi, dariya ta fara yi. Da ta ji babu mai taya ta, sai ta tsaya.

"Mama, bakwainiya ce. An haife ta lokacinta bai yi ba, ko tafin hannu biyu ba ta cika ba. Kwalaben da ake sa irinsu ba su ishe mu ba, wutar ma ba ta tsayawa. To ɗumin jikin mutum shi ke riƙe su. Uwarta na kwance ba lafiya, shi ne muke karɓa-karɓa."

Da Mama ta ji kalmar bakwainiya, sai ta kau da fuska wajen taga. Auta ya lura, amma bai gane dalili ba.

"Kowa ma haka zai ce," in ji Gwaggo da ƙarfi don wayar ta ɗauka. "In gaskiya ne, a ba uwar waya ta faɗa da bakinta."

"Ki ba ta wayar, 'yata," in ji Mama. "Magana ɗaya za ta yi, a wuce wurin."

Anti ta sassauta murya ta ce:

"Mama, ki gafarce ni, ba zan iya ba. Matan gidan nan yawancinsu gudowa suka yi, akwai waɗanda har yanzu ake nema. Ranar da muka shigo mun yi alkawari a gaban Allah: sunansu, fuskarsu, ko muryarsu ba za ta fita ta hannunmu ba."

Gwaggo ta kalli Mama, ta taɓe baki.

Auta ya ɗauki wayar ya fita bayan gida, wajen igiyar shanya.

"Ji mana, ni na yarda da ke. Amma ki taimake ni. Sunanta kawai, ni kaɗai, in samu abin riƙewa a gaban Mama."

"Kai ma?"

"Ba haka nake nufi ba—"

"In na sayar da amanar matar nan na sayi aurena, wace irin mata ka samu, Auta? Gobe taka amanar zan sayar." Ya ji kukan jaririyar, siriri kamar na 'yar kyanwa. "Ta farka, lokacin ba ta madara ya yi. Sai an jima."

Ya tsaya riƙe da waya, kunya ta rufe shi. Kafin ya koma ciki ya tura mata saƙo: "Sori. Na yi kuskure. Kada ki faɗa wa kowa, har ni."

Maganar ba ta kwana a gida ba. Gwaggo ba muguwa ba ce, sai dai cikinta ba ya riƙe zance, kuma ta yi imani ɗan ɗan'uwanta take ceto. Kafin Lahadi ta zagayo, matan coci sun fara yi wa Mama irin gaisuwar da ake yi wa mai ciwo. Wata ta riƙe hannunta ta ce, "Muna sa ku a addu'a." Mama ta dawo gida ta kwanta ko abinci ba ta taɓa ba.

Shi kuwa Auta shagonsa ya koma. Akwai gadon da yake haɗa musu tun kafin tafiyarta, ya kai wajen allon kai. Kullum in ya sallami masu aiki sai ya jawo shi ya yi ta gogewa, har katakon ya koma santsi kamar madubi. A nan Mama ta same shi wata rana da la'asar, ta tsaya bakin ƙofa cikin garin katako.

"Har yanzu gadon nan kake yi?"

"Shi nake yi, Mama."

"Ni na gaji da kallon da ake mini. Yarinyar da aka ce ta wanke kanta ta ƙi, me kake so in ce? Ka haƙura da ita."

Auta ya ajiye abin gugar, ya durƙusa.

"Mama, ba zan yi aure ba sai da albarkarki, wannan kin sani. Amma ba zan ce ta yi abin da ba ta yi ba. In kin hana, zan zauna haka. Gadon ma zai jira."

Hawaye suka zubo wa Mama. "Tun kana ƙarami kake da taurin kan babanka. To ni zan gaya mata da kaina, ido da ido. Ka kira ta a bidiyon nan naku."

Aka yi haka ranar Asabar da rana. Mama ta zauna a kujerar da aka gyara, Gwaggo na gefenta ta harɗe hannu, Auta na riƙe da waya. Netwok ya yi ta yankewa, daga baya hoto ya tsaya. Ga Anti a wata baranda mai farin fenti, da 'yar hular ulun nan a ƙarƙashin haɓarta.

"Ina wuni, Mama. Ina wuni, Gwaggo. Ku yi haƙuri ban durƙusa ba, ba a so ta motsa da yawa."

"Lafiya lau," in ji Mama. Ta gyara murya. "'Yata, na yi tunani, na yi addu'a. Ba na ƙin ki. Amma gidan nan—"

Ba ta ƙarasa ba. Wani dattijo ne ya ɓullo ta bayan Anti, ƙato mai farin gemu da sanƙo, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Rigarsa a buɗe, an ɗaure masa zane a ƙirji, ga wata 'yar hular ulu ta leƙo ƙarƙashin gemun.

"Anti," in ji shi, bai san ana waya ba, "jaririn nawa ya sake jiƙa ni. Ina kuka ajiye tsummokaran? Yaron nan tun safe ni ya mayar banɗaki."

Mama ta matso da fuskarta har hancinta na neman taɓa wayar.

"Wane ne wannan?"

"Baba Direba ne, Mama. Shi ke tuƙa motar gidan, tare muka zo. In ba fita, shi ma yana karɓar goyo. Ya fi mu duka ɗumi, jarirai har sun fi son shi."

Dattijon ya leƙo, ya ga baƙi, ya ce, "Af, sannunku. Ku gafarce ni, ba na iya sunkuyawa, ina kan aiki."

Mama ta juyo a hankali ta dubi Gwaggo.

"Ke da kika san idon mai jego, duba mini wannan. Shi ma shi ya haifa?"

Auta ne ya fara fashewa da dariya, har wayar ta kusa faɗuwa. Mama ta bi shi, tana dariya tana share ido. Anti ta nemi izinin tsohuwar nas da ke shugabantar gidan, aka yarda ta nuna barandar daga nesa, tunda iyayen na ciki, fuskokin jariran kuma na rufe. Ga ma'aikatan gidan nan jere a kujeru, kowa da jariri a ƙirji: mai dafa abinci, 'yan mata biyu ɗalibai, har da fasto yana karatu da hannu ɗaya, ɗayan na tallafe da ƙirjinsa.

"To ai ba a yi mana bayani ba," in ji Gwaggo ƙasa-ƙasa.

"An yi," in ji Mama. "Mu ne ba mu ji ba."

Sai dariyar Mama ta juye kuka, irin wanda Auta bai taɓa ji ba ko ranar rasuwar babansa.

"Kafin Auta na haifi wata," in ji ta. "Bakwainiya. Aka ce kada in riƙa ɗaukarta, aka naɗe ta cikin auduga aka ajiye mini a gefe, ina kallonta. Ba ta yi kwana da yawa ba. Tun ranar da kika ambaci kalmar nan ban yi barcin kirki ba, sai na huce a kanki. Ashe maganin na nan a ƙirjina ban sani ba."

"Mama, ba ki sani ba ne," in ji Anti, ita ma tana hawaye. "Ubangiji kuma ya san ba ki sani ba."

"Ki yafe mini, 'yata. Ki riƙe 'yar mutane da kyau, kada ki sauke ta saboda mu. Kuma ko ni na sake tambayar sunan uwarta, kada ki faɗa."

Gwaggo ta jawo gefen zanenta ta fyace hanci. "Ni ma a haɗa da ni a yafiyar. Gobe a coci da bakin da na ɓata zan gyara."

Ta kuwa gyara, don da mujallar ta je, ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana ba su labarin direba mai goyo. Anti ta cika shekararta ta dawo, aka ɗaura aure, aka kai gadon nan ɗakinta. An ce mini babu wanda ya kai Gwaggo rawa ranar, amma wannan ban tabbatar ba.

To 'ya'yana, ga abin da na ɗauka a ciki. Ido na ganin hoto ne kawai, ba ya ganin abin da ke bayansa, don haka kada a yanke wa mutum hukunci da kallo ɗaya. Wanda kuma ya riƙe amanar mai rauni har ta kusa cinye masa abin da yake so, ya yi haƙuri, Allah ba ya barin sa cikin kunya. Yakan aiko da shaida ta inda ba a zata ba.

Bayan shekaru hanya ta bi da ni ta ƙasar da Anti ta yi aiki, na nemi gidan na same shi. Zannuwan goyon da suke amfani da su dukkansu masu shuɗin gefe ne, nas ɗin ta ce wata tsohuwa ce ke ɗinko su tana aikowa, uwar wani kafinta. Jaririyar kuwa ta rayu, an ce tana makaranta, ba a iya kama ta da gudu. Na tambayi sunan uwarta. Ni ma ba su faɗa mini ba.